An Ce Za a Sayar da Kantinmu

(Kiɗan buɗe shiri)

 Yau hirarmu a kan ma'aikatan manyan kantunan sayar da kayan masarufi take, irin kantunan nan masu rassa gari-gari. Ina nufin yarinyar da ke zaune a teburin karɓar kuɗi, da saurayin da ke jera kaya a kantoci, da mai gasa burodi a can ƙurya, da mahaucin sashen nama, har da mai gadi da mai shara. Za mu duba halin da suke shiga idan ƙishin-ƙishin ya fara yawo cewa za a sayar da kamfanin, kuma wai sabon mai shi zai rage ma'aikata. Wanda ba a kanti yake aiki ba, kada ya murɗa akwatin rediyonsa. Ko a banki kake, ko a masana'anta, ko a kamfanin sadarwa, ranar da irin wannan magana ta iso wurinku za ka ga kusan hanya ɗaya take bi.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. A watan Disamba na 2005 kamfanin Shoprite na Afirka ta Kudu ya buɗe kantinsa na farko a Najeriya, a unguwar Lekki ta Legas. Daga nan ya yi ta buɗe rassa har suka kai 25, ciki har da na Kano, wanda aka buɗe a 2014 a rukunin kantunan Ado Bayero da ke titin gidan Zoo. Sai ranar 3 ga Agusta 2020, uwar kamfanin ta fitar da bayani ga masu hannun jarinta. A cikin bayanin ta ce wasu masu zuba jari sun tuntuɓe ta, kuma ta fara duba yiwuwar sayar da reshenta na Najeriya, ko duka ko mafi yawansa. Kafin rana ta faɗi labari ya cika ƙasa: Shoprite za ta bar Najeriya.

Ku lura da wanda aka yi wa wannan bayani. Masu hannun jari aka yi wa, ba ma'aikata ba. Mai jera kaya a Kano ko Ibadan, a wayarsa ya ga labarin, ko kuwa wani mai sayayya ne ya tsaya a gabansa da kwando ya ce, "Ashe tafiya za ku yi?" Shi kuma ba shi da amsa.

Daga wannan rana zaman wurin aiki yakan canza. Duk baƙon da ya shigo da kwat da takarda a hannu, sai a bi shi da kallo, ana cewa ai masu saye ne suka turo shi ƙidayar kaya. Idan motar kaya ta yi jinkirin kwana biyu, sai a ce shi ke nan, an daina kawo mana kaya. Idan shugaban sashe ya ce a jawo gwangwanayen madara gaba-gaba don kada a ga bayan kantar babu komai, sai gaban kowa ya faɗi, alhali a da ma ana yin hakan duk lokacin da kaya suka yanke. A ɗakin cin abinci babu hirar da ake yi sai ita. Wannan ya ce ya ji daga direban manaja, wancan ya ce ƙanin matarsa yana aiki a hedikwata. Wanda ya sa ranar aure ya fara tunanin ɗagawa, mai zubin adashi ta fara lissafin ko za ta kai ƙarshen zagaye.

Abin da kowa ke tambaya shi ne, "Wai da gaske ne?" Kuma manajan reshe ake tsarewa da tambayar. To bari in ɗan kare manaja, ko da yake ba kullum ya cancanci kariya ba. Galibi shi ma bai sani ba. Cinikin kamfanin da hannun jarinsa ke kasuwa, mutane ƙalilan ne ke yin sa a can sama, tare da lauyoyi da bankuna, bayan sun sa hannu a takardar riƙe sirri, domin labarin yana iya ɗaga farashin hannun jari ko ya kayar da shi, kuma doka tana hukunta wanda ya yi amfani da irin wannan sirri ya ci riba. Saboda haka idan manaja ya ce maka bai san komai ba, mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Idan kuma ya dafa kafaɗarka ya ce, "Kwantar da hankalinka, babu abin da zai canza," ka gode masa, amma kada ka ɗora rayuwar iyalinka a kan wannan magana, don shi ma ba a hannunsa abin yake ba.

Ni a ganina, "da gaske ne?" ba ita ce tambayar da za ta amfani ma'aikaci ba. Ruwa ba ya tsami banza, amma ko ka tabbatar da labarin, ba kai za ka hana cinikin ba. Tambayoyin da ke da amfani su ne: me ake sayarwa, da kuɗin wa za a saya, kuma me ke rubuce a takardata?

Mu ɗauki ta farko, don a nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Sayar da kamfani iri biyu ne. Akwai sayar da hannun jari: kamfanin yana nan da sunansa da rajistarsa da basussukansa da ma'aikatansa, masu shi ne kawai suka canza. Akwai kuma sayar da kadarori: wani kamfani dabam ya zo ya sayi gine-gine da firiza da kayan sito, ya ce yana son ma'aikatan su dawo ƙarƙashinsa. A wajen mai sayayya duk ɗaya ne, tunda burodin bai canza ba. A wajen ma'aikaci kuwa bambancin babba ne. Idan kadarori aka sayar, uban gidanka ya canza, kuma sashe na 10 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya ce ba a mayar da yarjejeniyar aikin ma'aikaci daga hannun wani zuwa wani sai da yardarsa, sannan jami'in ƙwadago mai izini ya sa hannu. Idan kuwa hannun jari aka sayar, a idon doka uban gidanka bai canza ba. Ba a kore ka ba, ba a ɗauke ka sabon aiki ba, shekarun da ka yi suna nan ana ci gaba da ƙirga su.

A kan wannan gaɓa aka ja daga a Shoprite. Cikin watannin Maris da Afrilu na 2021, ma'aikata suka rufe ƙofofin kantuna a garuruwa da dama, suna ɗauke da kwalaye. Buƙatarsu ita ce a biya su haƙƙoƙin sallama na shekarun da suka yi wa tsoffin masu kamfanin kafin a miƙa su ga sababbi. Kowa zai fahimci tsoronsu: mutum ya yi shekara goma yana aiki, yana jin cewa babban kamfani na ƙasashen waje ne a bayansa, rana ɗaya a ce wanda bai sani ba ne zai riƙe masa guminsa. Sai dai cinikin na hannun jari ne. Sunan da ke takardar aikinsu shi ne Retail Supermarkets Nigeria Limited, kuma wannan kamfani bai je ko'ina ba. A watan Yuni na 2021 aka sanar cewa kamfanin Ketron, na rukunin Persianas da ɗan kasuwa Tayo Amusan ke jagoranta, ya kammala sayen sa, kuma aka ci gaba da amfani da sunan Shoprite bisa yarjejeniya. Washegari kantuna suka buɗe kamar kullum, da riguna iri ɗaya, da jan allon nan a bakin ƙofa.

To ga abin da nake so mai sauraro ya riƙe. Ranar ciniki ba kasafai ake korar kowa ba. Wanda ya sayi kanti yana buƙatar wanda ya san inda makullin sito yake, da wanda ya san dillalin da ke kawo tumatir. Abin da ake tsoro, idan zai zo, sai bayan hankali ya kwanta yake zuwa. Kantin Kano ya ci gaba da aiki har shekara biyu da rabi bayan cinikin. A tsakanin nan aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, darajar naira ta zube, kuɗin dizal na janareta da firiza ya yi sama, aljihun masu sayayya ya yi ƙasa. A watan Janairu na 2024 aka rufe reshen Kano, kamfanin yana mai kafa hujja da yanayin kasuwanci. A tsakiyar 2024 ɗin kuma aka rufe wani reshe a unguwar Wuse ta Abuja. Ba ina cewa sayarwar ce ta rufe su ba. Matsalolin da suka sa mai kamfanin na farko ya gaji, wato faɗuwar naira da wahalar samun dala da jinkirin fito da kaya daga tashar jiragen ruwa, ba su bi shi Afirka ta Kudu ba. Nan ya bar wa magajinsa su. Ma'aikacin da ya ce, "Alhamdu lillahi, an sayar kuma ba a taɓa mu ba," ya saki jiki, shi ne takardar rufewa ta fi girgizawa.

Kada kuma a ɗauka cewa samun mai saye shi ne mafi munin abin da zai faru. Kantin Game, maƙwabcin Shoprite a can titin gidan Zoo, masu shi sun nemi wanda zai saya ba su samu ba, a ƙarshen 2022 suka rufe rassansu na Najeriya. Wani lokacin mai saye ne ke tsawaita wa aikinka kwana.

Tambaya ta biyu, da kuɗin wa za a saya, sai mun leƙa Ingila za mu ga amsarta da kyau. Akwai wani kamfanin kantuna a can mai suna Morrisons. A 1899 ya fara, da rumfar sayar da ƙwai da man shanu a kasuwar birnin Bradford, ya girma har ya zama na huɗu a ƙasar, da ma'aikata sama da dubu ɗari. A watan Yuni na 2021 labari ya fasu a kafafen watsa labarai cewa wani kamfanin zuba jari na Amurka, Clayton, Dubilier & Rice, yana zawarcinsa. Shugabannin Morrisons suka ce tayin ya yi kaɗan. Sai wani kamfanin, Fortress, shi ma ya shigo. Wata huɗu ana ja-in-ja, ma'aikata suna bin labarin makomarsu a jarida. Ranar 2 ga Oktoba aka yi gwanjo. Na farko ya taya kwabo 287 na kuɗin Ingila a kan kowane hannun jari, na biyu ya taya 286. Da bambancin kwabo ɗaya aka yanke wanda zai zama uban gidan mutum dubu ɗari, a kan kuɗi kimanin fam biliyan 7.

Irin waɗannan kamfanoni ba daga aljihunsu suke fitar da dukan kuɗin ba. Kaso mai yawa rance ne daga bankuna da masu ba da bashi, kuma bayan ciniki a wuyan kamfanin da aka saya ake rataya bashin. Kamar mutum ne ya sayi saniya da bashi ya ce nononta ne zai biya. Kafin kowa ya ji a jikinsa, ɗan maraƙi ne zai fara ji. Lokacin da aka yi cinikin, kuɗin ruwan babban bankin Ingila bai wuce kashi 0.1 cikin ɗari ba. Zuwa watan Agusta na 2023 ya kai kashi 5.25. Morrisons ya koma biyan ɗaruruwan miliyoyin fam kowace shekara a kan bashi kawai, kuɗin da da an rage farashi da su, ko an gyara kantuna, ko an ƙara ma'aikata. A 2022 kamfanin Aldi na Jamus ya ƙwace masa matsayi na huɗu. A farkon 2024 ya sayar da gidajen mansa 337 a kan fam biliyan 2.5, don rage nauyin bashi. A watan Maris na 2025 ya sanar da rufe wuraren shan shayi 52 da ƙananan kantuna 17 da wasu sassan nama da kifi, ya ce aikin mutum 365 na cikin haɗari, yana ɗora alhakin a kan tsadar gudanarwa.

Masu sayen sun yi alkawura tun farko: hedikwata za ta zauna a Bradford, albashin mafi ƙanƙantar ma'aikaci ba zai gaza fam 10 a awa ba. Amma a ƙa'idar cinikin kamfanoni ta Birtaniya, irin wannan bayyana niyya galibi na wata 12 ne. Don haka duk inda ka ji sabon mai kamfani ya ce ba zai kori kowa ba, ka tambaya: har zuwa yaushe, kuma a rubuce ne?

Wani cinikin ma ba ya yiwuwa. A Amurka, a watan Oktoba na 2022, kamfanin kantuna na Kroger ya ce zai sayi takwaransa Albertsons a kan dala biliyan 24.6. Shekara biyu ma'aikata suna zaman ɗar-ɗar, a watan Disamba na 2024 kotu ta hana, magana ta mutu. Wanda ya ajiye aikinsa tun ranar farko don tsoro, ya yi asarar banza.

Yanzu mu dawo gida, ga tambaya ta uku, wadda ita kaɗai ce ke hannunka. Me ke rubuce a takardarka? Dokar Ƙwadago ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da fara aiki. Ka nemo wannan takarda yau, ka duba sunan da ke samanta. Da yawa daga masu shara da masu gadi da masu ɗaukar kaya a manyan kantuna, rigar kantin suke sawa, amma ɗan kwangila ne ya ɗauke su. Su ne ake fara sallama, kuma cikin sauƙi, don kanti ba korarsu zai yi ba, kwangilar kawai zai ƙi sabuntawa. Idan kana cikin waɗannan, ka san tun yanzu ƙofar wa za ka ƙwanƙwasa.

Idan aka zo rage ma'aikata, sashe na 20 na dokar ya ce sai an sanar da ƙungiyar ƙwadago ko wakilin ma'aikata dalilin ragewar da yawan waɗanda za ta shafa. Ya ce a fara da wanda ya zo daga baya, amma tare da duba ƙwarewa da iya aiki da riƙon amana, kuma ta wannan kafa ce son rai ke shigowa. Ya kuma ce mai kamfani ya yi iya ƙoƙarinsa wajen daidaitawa a kan kuɗin sallama. Ku ji da kyau: ya yi iya ƙoƙarinsa. Dokar ba ta yanka ko naira nawa ba ne. Abin da za ka samu yana cikin takardar aikinka, ko littafin ƙa'idojin kamfani, ko yarjejeniyar da ƙungiyarku ta ƙulla da shi. Shi ya sa nake mamakin ma'aikacin da ke ƙorafin 'yan kuɗin ƙungiya da ake cira a albashinsa, amma bai taɓa halartar taro ko sau ɗaya ba, sai ranar da wuta ta kama. Ma'aikatan kantuna suna da ƙungiyarsu ta ƙasa, NUSDE. Lokacin da ƙungiya ta fi ƙarfi shi ne kafin a kammala ciniki, sa'ad da mai sayarwa ke son fita lami lafiya, mai saye kuma ba ya son ya gaji rigima. A lokacin ne ake neman a rubuta cewa za a ƙirga shekarun baya, a rubuta yadda za a lissafa kuɗin sallama idan an rufe reshe. Hukumar FCCPC da ke amincewa da irin wannan ciniki, doka ta ba ta damar duba yadda zai shafi ayyukan yi, saboda haka ƙungiya tana da inda za ta kai kuka.

Wa'adin sanarwar sallama daga aiki kuwa gajere ne ƙwarai. Wanda ya yi tsakanin shekara biyu da biyar, mako biyu doka ta ba shi; wanda ya kai shekara biyar ko fiye, wata ɗaya, sai fa idan takardarsa ta ba shi fiye da haka. Manajoji da manyan ma'aikatan ofis ma wannan doka ba ta rufe su ba, takardar aikinsu ce madogararsu. Idan aka sami saɓani, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumi, kuma tana da reshe a Kano.

Sai maganar fansho. A dokar 2014, mai kamfani yana zuba kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kashi 8, a asusun da ke ɗauke da sunanka, wanda ba ya bin kamfani idan an sayar ko an rufe. Amma akwai kamfanonin da ke cira a albashi ba sa zubawa. Ka nemi bayanin asusunka daga kamfanin fanshonka, ka gwada shi da takardun albashinka wata-wata. Idan akwai giɓi, yanzu ne lokacin magana, tun tsohon mai kamfani bai tattara ya tafi ba. Kuma wanda ya rasa aiki ya yi wata huɗu bai sami wani ba, yana da damar cirar kashi 25 cikin ɗari na abin da ke asusun.

Ga masu kamfanoni da ke sauraronmu, na san akwai abin da ba ku da ikon faɗa kafin lokacinsa. Amma ranar da kuka sanar da masu hannun jari, a ranar ya kamata ku tara ma'aikatanku ku gaya musu abin da aka yanke, da abin da ba a yanke ba tukuna, da ranar da za ku sake yi musu bayani. Idan kuka yi shiru, ƙwararrun cikinsu, waɗanda ke da inda za su, su za su fara tafiya, su bar muku kanti a hannun masu fargaba.

Ku kuma 'yan'uwana ma'aikata, kada ku tura wa kowa saƙon WhatsApp da ba ku san tushensa ba, kada ku ajiye aiki don an ce an ce, kuma duk takardar da aka miƙo muku a cikin irin wannan yanayi, musamman wadda ke cewa kun ajiye aiki da kanku ko kun karɓi dukan haƙƙinku, kada ku sa hannu a tsaye. Ku ce za ku je da ita gida. Ku nuna wa wakilin ƙungiya ko lauya ko jami'in ma'aikatar ƙwadago. A daren yau, idan an idar da sallar isha'i, a buɗe akwati a fito da takardar ɗaukar aiki da takardun albashi, a ɗauki hotonsu a waya, a ajiye kwafi a gida, ba a durowar wurin aiki ba.

A nan za mu dasa aya. 

(Kiɗan rufe shiri)